Sirrin Alhaji da Kifayen Falo

"Kafin a zuba na biyu ina da magana," in ji Alhaji. Ya leƙa ƙofar cikin gida, ya rage murya. "Amma don Allah a nan za ta kwana. Kada in je Zango ranar Juma'a in tarar ta riga ni masallaci."

Auta ya mayar da butar shayi kan gawayi, kowa ya gyara zama.

Tun da Alhaji ya bar Zangon Kwatano ya yi gini a Fijirose kusa da bakin teku, barandarsa ta zama majalisarmu ta ranar Lahadi bayan la'asar. Mu dai muna nan Zango, zem, wato acaɓa, ke kawo mu ya mayar da mu. Akwai Kawu, Bakabe mutumin Argungu, wanda ya yi su da ƙuruciyarsa kafin ya koma sayar da bandar kifi a kasuwar Dantokpa. Akwai Malam, mai koyar da ilimin halittu a wata sakandare, yana da akwatin kifi a ɗakinsa shekara da shekaru. Akwai Mai Gilashi, wanda sana'a ta cinye masa suna. Sai Auta mai shayi, sai ni.

"Kun san akwatin kifin nan da na saya wa Hajiya," in ji Alhaji. "To, mutuwa suke yi. Ba a yin mako ban tsame ɗaya ko biyu ba. Wani ma ba na ganin gawarsa, sai dai in ƙirga in ga babu. Da asuba nake kwashewa kafin ta fito, in na taso daga kanti in biya in sayo irinsa in zuba. Ba ta sani ba. Kuɗi na ta tafiya, kuma wallahi har na fara zargin ko baki ne, don duk baƙuwar da ta shigo sai ta yaba."

Kawu ya yi dariya har da tari. "Alhaji, mu a Kabi kifi muke kashewa mu sami kuɗi. Kai kuɗi kake kashewa ka sami gawa."

"Kawu, bar ni da abin da ya dame ni. Allah ya gafarta Malam, kai nake saurare."

Malam ya ce ba a duba mara lafiya daga nesa. Muka lallaɓa falo ba takalmi. Akwatin yana jikin taga, rana na dukansa, gilashin ya fara yin kore. Mai Gilashi ya auna da taƙi ya ce tsawonsa santimita 60 ne, faɗi 30, tsayi 35, in an cire yashi da abin da bai cika ba da ƙyar a sami lita 50, jarka biyu ke nan. A cikin jarka biyun nan akwai jajayen kifaye biyu irin waɗanda masu sayarwa ke kira puwason ruj, da ƙanana masu ratsin shuɗi da ja da ake kira newon, da gupi masu baza wutsiya, da wani baƙi mai zanen ja wai shi oska, da mai manne wa gilashi yana lasa. Ciyayin duk na roba ne.

Kawu ya duƙa ya nuna wani can ƙasa mai gashin baki. "Wannan fa, daga ina?"

"Yaron maƙwabta ya kawo wa yara, daga inda ake kiwo."

"To ga ɓarawonka. Tarwaɗa ce. Da rana ka gan ta kwance tamkar ta Allah, da dare take fita kiwo. Waɗanda ba ka ganin gawarsu suna cikinta. Kifi ba ya bin wata doka sai faɗin bakinsa, duk abin da ya shige abinci ne, ko da ɗansa ne. Kuma wannan in ta sami wuri tana wuce mita ɗaya."

Malam ya ce oska ma tafiyarsu ɗaya. Daga kogunan Amurka ta Kudu ya fito, yana kai santimita 30 ko fiye, kuma kafin ya kai rabin haka ya gama da newon da gupi. Shi kuwa mai lasar gilashi, wanda ake cusa wa kowane sabon mai saye da sunan zai riƙa yi masa shara, shi ma yana wuce santimita 30, kuma kashin da yake zubarwa ya fi abin da yake lashewa.

Ni a ganina ba duk laifin mai sayarwa ba ne. A wurinsa kowane kifi tsawon ɗan yatsa ne, don ƙanana ake kawo masa. Mai saye ne ya kamata ya buɗe baki ya ce: wannan in ya girma ina zai kai, kuma me yake ci? Mu da ba ma sayen ɗan akuya sai mun tambayi uwarsa.

Muka koma baranda, Auta ya zuba na biyu.

"Ko da ba tarwaɗa," in ji Malam, "akwai waɗanda garin ne bai karɓe su ba. Kwatano ba ta san sanyi ba. Matsakaicin zafinmu a shekara wajen digiri 27 ne, daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa ruwan da ke falo yakan taɓa 30, balle a jikin taga. Jan kifin nan mutanen Sin suka fara kiwonsa fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma na ruwa mai sanyi ne, ya fi jin daɗi ƙasa da digiri 24. Yana wuce santimita 20, yana wuce shekara goma in an kula da shi, ga ci, ga ƙazanta, ga tsinke ciyawa. Newon ma in ruwa ya haura 26 ya daɗe a haka, sai ya fara ramewa."

"Zafi kawai ke kashe su?" in ji Auta.

"Zafi da ƙarancin iska. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin wajen miligiram 9 a kowace lita. In ya kai 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi. A daidai lokacin kuma jikin kifi ya fi bukatarta, don zafi na hanzarta shi. Shi ya sa za ka ga sun taru a sama suna buɗe baki, musamman da asuba ko in an ɗauke wuta injin iska ya tsaya. Amma zafin nan yana da ranarsa. Ɗan'uwanka da ke Kano ko Maraɗi, in hunturu ya kama dare ya sauka ƙasa da digiri 15, dole ya sayi na'urar ɗumama ruwa. Kai ba ruwanka da ita. Naka dai ka janye akwati daga taga, in zafi ya tsananta ka juya ƙaramar fanka ta riƙa busa saman ruwan, za ta sauke maka digiri ɗaya ko biyu."

Alhaji ya ce to yanzu wane ne zai zauna da wane.

"Kai da ka riƙe gidan haya a Zango kake tambaya?" in ji Mai Gilashi. "Ai ka san ba a haɗa mafaɗata biyu a ƙofa ɗaya, kuma na bene da na ƙasa sun fi daɗewa ba a ji kansu ba."

Malam ya ce haka abin yake ba ragi. Akwai kifin da rayuwarsa a saman ruwa take, akwai na tsakiya, akwai na ƙasa, in ka raba su haka kowa na da wurinsa. Faɗa kan tashi ne in an tara masu son lungu ɗaya. Beta na ƙasar Tailan, mai wutsiya kamar mayafi, in ka sa maza biyu sai ɗaya ya kassara ɗaya, kuma yakan ɗauki namijin gupi abokin gaba saboda bazar wutsiyarsa. Barbus mai ratsin damisa aikinsa cizon filafilan wasu, kada ya ga mai dogon gashi. Iskalar, wannan faffaɗan mai tafiyar ƙasaita, yana ƙarami salihi ne, ranar da ya girma newon sun zama karin kumallo. Sannan akwai waɗanda Allah ya halitta su a garke. Irin waɗannan in ka sayi biyu don tsimin kuɗi, tsoro ba zai bar su su ci abinci ba. Daga shida ake farawa. Gupi da moli da filati kuwa haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kusan duk wata, saboda haka namiji ɗaya mata biyu ko uku, in ba haka ba maza za su hana macen sakat.

Ana cikin haka labule ya motsa. Hajiya ta fito da faranti, soyayyen kifi da aloko, wato soyayyar ayaba, ta ajiye a tsakiya, ta gaida Kawu da Malam. Muka yi tsit, Alhaji ya kama duban kofinsa.

"Alhaji," in ji ta, "wanda ka kawo ranar Laraba wutsiyarsa rawaya ce. Na da ja ce."

Auta ya ƙware da shayi.

"Na yi shiru ne don na ga kana ƙoƙari. Malam, ni ma ina da tambaya. Ban ga abin da na rage su da shi ba. Duk Asabar sai na sa an kwashe su a bokiti, an zubar da ruwan duka, an wanke akwatin da omo, an wanke soson injin a famfo har ya yi fari, an cika da sabon ruwa. Yara ba sa barin su da yunwa, ko burodi suke ci sai sun gutsura musu. Sauro ma ba na bari ya dame su, kullum magariba sai na fesa magani na rufe falon."

Malam ya dafe kai. "Hajiya, ashe waɗanda suka rage ɗin nan jarumai ne."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne na ga malantarsa, don bai bar ta da jin kunya ba. Ya ce tsabtar da ta sani ta kwano da tukunya ce, ita kuwa ta kifi wata aba ce daban. Kifi na fitar da sinadarin amoniya ta gaɓar da yake numfashi da ita da kuma kashinsa, ragowar abinci in ya ruɓe ma shi yake bayarwa, kuma guba ne ko kaɗan ne. A cikin soson matatar da yashi akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, wasu su mayar da amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne, wasu su mayar da nitirit nitirat, wanda ke da sauƙi kuma ciyawa ke sha. Ƙwayoyin nan sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Duk Asabar ɗin da aka wanke soso a famfo, kulorin da ake sa wa ruwa don lafiyarmu ya kashe su, an koma farko. Kulorin ɗin kuma yana ƙona gaɓar numfashin kifin kansa.

"To yaya za a yi?"

"Kada a sake kwashe su. Duk mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo, daga ƙasa inda datti ke kwanciya. Ruwan da za a mayar a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin. Soso a matse shi cikin ruwan da aka zuƙo, ya fita da ɗan duhunsa. Sabulu da omo kada su kusanci akwatin, bokitinsa ma a ware masa nasa. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, burodi da tuwo a bar wa yara. Maganin sauro kuwa, Hajiya, shi ya fi ba ni tsoro. Yawancin na fesawa da na kunnawa suna da sinadarin da ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe kifi, kuma injin iska zuƙo shi yake yi ya tura cikin ruwa. In dole sai an fesa, a kashe injin, a lulluɓe akwatin da zane mai kauri, sai an buɗe tagogi warin ya fita a kunna. Sauro ma dai da ya yi ƙwai a ciki, da sun gode masa, 'ya'yansa abincinsu ne."

Kawu ya goge hannu ya ce shi abin da ya sani, dabbar da ka tsare haƙƙinta na wuyanka, kuma kowa ya ji hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Hajiya ta ce shi ya sa ta fito. Ta jawo kujera ta zauna daga bakin ƙofa.

Mai Gilashi ya ce in za a gyara a gyara daga tushe. Ƙaramin akwati ya fi babba wahala, don ruwa kaɗan nan da nan yake ɓaci, nan da nan yake zafi. Zai yanka mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40, lita 112 ke nan, da murfi. Ya ce a tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, in an haɗa da gilashi da yashi abin zai doshi kilo 150, ba teburin tsakiyar falo ake ɗora wa ba. Ya kuma roƙi Auta, wanda ya taɓa cewa zai gwada da irin ƙaton tulun gilashin da ake sayar da man kpayo a bakin titi, da ya rufa wa kifi asiri: bakin tulun ƙarami ne iska ba ta shiga, kuma warin fetur ba ya fita.

"Yashi dai ga shi nan a bayan gida kyauta," in ji Alhaji, ya nuna wajen teku.

"Kul," in ji Malam. "Na farko, tun 2008 gwamnatin Benin ta hana ɗibar yashin bakin teku saboda yadda ruwa ke cin gaɓa. Na biyu, gishiri ne da ɓawon katantanwa a ciki, suna canza ruwan. A nemi yashin kogi a wanke har ruwan ya fita garau. Rijiyarka ma ban yarda da ita ba sai an gwada. Rijiyoyin unguwannin bakin teku ba su da zurfi, wata da ɗanɗanon gishiri, wata kusa da masai. Moli zai jure ɗan gishiri, ciyawa ba za ta jure ba."

Daga nan hira ta koma kan ciyawa, kuma a nan muka fi daɗewa, har aka kira magariba muka yi salla muka dawo.

Hajiya ta ce ita ta roba ta fi mata, ba ta mutuwa. Malam ya ce ba ta mutuwa, ba ta kuma aikin komai. Ya ce tun 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya sa jajayen kifaye da ciyawar balisneriya da 'yan katantanwa a tulun gilashi, ya nuna cewa ciyawa na ba kifi iska, kifi na ba ta taki. Bayan shekara uku, a 1853, gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifaye na farko da jama'a ke shiga kallo. Ciyawa mai rai tana shan nitirat, tana rage gansakuka don abincinsu ɗaya, tana ba matsoraci maɓoya. Sai dai da dare ita ma iska take sha, saboda haka ba ta maye gurbin inji.

"Wadda zan fara ba ku," in ji shi, "tamu ce ta nan Afirka ta Yamma, anubiyas. A bakin rafukan kurmi take fitowa, a inuwa, manne da dutse ko icce. Wadda ta fi yawa a kasuwa an sa mata sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin Baikie zuwa kogin Kwara a 1857, ya rasu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Yau da wuya ka sami shagon kifin ado a Turai da ba a sayar da ita. Ganyenta kauri gare shi, kifi ba ya iya ci, ba ta son haske mai yawa, ba ta neman taki. Abu ɗaya ke kashe ta: a binne kwancen jijiyarta, wannan kauri da ganye ke fitowa daga jikinsa. A ɗaure ta da zare a jikin dutse ko icce, ita za ta kama da kanta. Sai dai a yi haƙuri da ita, ganye ɗaya kan ɗauki makonni."

Ya ce fujer ta Jaba, daga Asiya, ita ma haka ake ɗaure ta, kuma ita ma ba ta da fitina. Balisneriya kuwa a yashi ake dasa ta can baya, dogayen ganye kamar tsiri, tana miƙa jijiya tana haihuwa da kanta. Akwai kuma wata mai ganye kamar allura wadda ba ta da saiwa sam, seratofilum, jefa ta kawai ake yi, tana girma da sauri tana tsotse datti, ta dace da sabon akwati.

"Duk wannan Turanci," in ji Kawu. "Kainuwa fa? Bado fa?"

Malam ya yi murmushi ya ce ai nan zai zo. Kainuwa dashen Allah, wadda ke rufe kududdufai daga Kano har nan, tana cikin mafi amfani. Saiwarta da ke reto a ruwa ita ce maɓoyar jariran gupi, tana yi wa akwati inuwa, tana shan datti fiye da kowace. Sharaɗinta biyu: a bar tazara tsakaninta da murfi don raɓar da ke ɗiga na ruɓar da ita, kuma duk mako a rage ta kada ta rufe saman ruwa duka. Bado kuwa, wanda Kawu ya ce sun ci 'ya'yansa da ƙuruciya, shi ne Turawa ke saye da sunan lotus mai zanen damisa. A dasa kan nasa rabi a yashi rabi a waje, in ganye ya miƙe zai hau sama a yanke, sai ya riƙa yin gajeru masu kyau a ƙasa.

Na tambaya ko mutum zai iya tsinkowa daga fadama kawai ya jefa. Ya ce a'a, a wanke a ajiye a bokiti daban mako biyu ana dubawa, saboda matsattsaku da ƙananan katantanwa, waɗanda wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya. Ya kuma ce a yi hattara da tsirran tukunya da wasu ke nutsawa a ruwa su sayar, irin gorar nan ta ado. Ganyenta ba na cikin ruwa ba ne, wata ɗaya biyu ta ruɓe ta ɓata ruwan. Fitilar akwatin kuma awa shida zuwa takwas a rana ta isa.

Auta ya ce tunda ciyawar tamu ce, kifin fa, babu namu?

Kawu ya fara ƙirgawa da yatsu yana girgiza kai. Tsage haƙora. Giwan ruwa sai dai a Matan Fada. Talibamban bakinsa na yanke filafilin duk wanda ya gifta. Gaiwa mai kwana cikin laka da rani ba ta zama da kowa. Minjirya kuwa ya ce har yau hannunsa na tuna ta, Malam ya ƙara da cewa babbarta na iya sakin wuta har bolt 350. Ƙarfasa mai baƙin haɓa, wadda ta cika tafkin Nokuwe, wadda mutanen Ganbiye ke tarawa a akaja, wato rassan da suke kafawa cikin ruwa, abin kallo ce don namijin ke riƙe ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe, amma tona ƙasa take yi tana tumɓuke shuka.

"Waɗannan ka sani don su ake ci," in ji Malam. "Akwai waɗanda ke zubewa ta idon koma ba ka taɓa waiwayarsu ba, su ne ake ɗauka a jirgin sama daga Legas zuwa Turai da Amurka. Akwai ɗan ƙarami, santimita 4, mai ɗigon shuɗi a saman ido da ke ƙyalli kamar an kunna fitila, yana nan a rafukan Afirka ta Yamma da yawa, a garke yake yawo a sama, ba ya taɓa kowa. Akwai kiribensis, na gabashin Benin da kudancin Najeriya da Kamaru, namiji santimita 10, macen ta fi ƙanƙanta, cikinta ja jawur in tana son aure. A kogo suke ƙwai. Kai da ke Fijirose kogo bai yi maka wuya ba: ƙoƙon kwakwa, a kankare a tafasa, a fasa masa ƙofa a kife. Ranar da uwa da uba suka fito da 'ya'ya suna kiwo a tsakaninsu, Hajiya za ta manta da talabijin. Amma a lokacin ba sa son kowa a ƙasa, shi ya sa biyu kawai ake sawa."

Ya ambaci kifi malam-buɗe-littafi na kogin Weme, mai shawagi a saman ruwa yana cafke ƙwari, da mai siffar maciji wanda ake samu daga Weme har Kamaru. Dukansu ya ce a bari sai hannu ya faɗa: na farkon tsalle yake yi ya bar akwati, na biyun ko ƙaramar kafa ya samu sai an tsince shi a ƙarƙashin kujera, kuma dukansu suna haɗiye ƙanana.

Hajiya ce ta yanke. Ta ce a yi mata na gida: masu fitila a ido goma ko sha biyu a sama, kiribensis mace da namiji a ƙasa, anubiyas a kan icce, balisneriya a baya, bado ɗaya, kainuwa kaɗan. Alhaji ya so a bar masa gupinsa. Malam ya ce tsohon akwatin na nan, a mayar da shi nasu, maza biyu mata huɗu da seratofilum, in ana so a ƙara gurami ɗaya, wanda ke iya haɗiyar iska daga sama, abin da ke taimakonsa ranar da babu wuta. A irin ranar, in ji shi, a daina ba da abinci, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama, ko a tanadi ƙaramin injin iska mai batir. Sabon akwati kuma a dasa ciyawa, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan ƙwayar abinci, a bar shi wata guda ba kifi. Zai ba su guntun tsohon sosonsa don ƙwayoyin su yi saurin kafuwa. In lokaci ya yi, ƙanana za su fara shiga, kiribensis daga baya, kuma kowace leda a bar ta tana yawo a saman ruwa minti ashirin kafin a kwance.

"Sauran fa?" in ji Auta. "Oska da mai lasa da jajayen. Ba sai a kai su lagun a sake ba? Sadaka ce ma."

Tarwaɗar Kawu ya ce tasa ce, ya san inda za ta. Sauran kuwa Malam ya ɗaga murya, karo na farko a daren. Ya ce duk wanda ya bi ta Nokuwe da damina ya ga ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar kwalekwale. Daga Amurka ta Kudu take, kuma kyan furenta ne ya sa mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara ganinta a ruwayen Benin, cikin shekara goma ta zama annoba ga masunta da masu kai kaya kasuwa, har a 1991 aka fara sakin wasu ƙwari masu cinta don a rage ta, kuma har yau ba a rabu da ita ba. Baƙon kifi ma haka yake iya yi, in bai mutu ba ya hayayyafa ya cinye ƙwan na gida.

Alhaji ya ce zai mayar wa mai shagon oska da mai lasa ko da kyauta ne, jajayen kuma akwai wani abokinsa mai babban kwarmin ruwa a inuwa.

Wannan ɓangaren na nemi izini in fitar da shi daga baranda, aka ba ni. 'Yan'uwa na Zango da Fijirose da duk inda kuke, in kun gaji da kifin ado ku nemi mai so ku ba shi, ko ku mayar inda kuka saya. Ciyawar da kuka rage ku shanya ta a rana ta bushe ƙurmus kafin ku zuba a shara. Kada ko ɗaya ya shiga kwata, ko lagun, ko tafki.